Lasisin tuƙi ba na jihar Kaduna kaɗai ba ne

Duk lokacin da aka sauya fasalin lasisin tuƙi, sai ka ji direbobi a Kwangila da Sabon Gari, a Zariya, suna ɗora wa gwamnatin jiha laifi, wai ta canza kati ne don ta tatsi talaka. Wasu ma har cewa suke lasisin da aka yanka a Zariya ƙarfinsa a jihar Kaduna ya tsaya. Ba haka abin yake ba.

Sunan jiha da ke jikin katin yana nuna inda aka bayar da shi ne kawai. Katin iri ɗaya ne a duk Najeriya, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ce ke tsara shi tana buga shi. Aikin jiha shi ne gwada tuƙin mai nema da karɓar kuɗi ta hukumar tara haraji. Lasisin Zariya zai kai ka Legas ko Maiduguri ba wanda zai ce bai yi ba.

Babban sauyin da aka yi wa lasisin a 2011 bai tsaya a launi ba. Shi ne ya kawo ɗaukar hoto da zanen yatsu a na'ura, a adana su a rumbun bayanai guda. Abin da ke damuna shi ne masu miƙa wa ɗan tsakani kuɗi da fasfo, bayan kwana biyu ya kawo kati mai sheƙi. In ba a taɓa ɗaukar yatsunka ba, malam, jabu aka ba ka.