"Ka gane ko?" ba gwaji ba ne

Tun jiya nake ganin yadda ake caccakar wani yaro mai lalurar ƙwaƙwalwa da aka sallama daga asibiti sannan aka mayar da shi ranga-ranga, wai taurin kai ne, wai masu lalurar ƙwaƙwalwa ba sa jin magana. Raina ya ɓaci sosai. Yaron bai bar maganinsa ba. Litiyam yake sha, maganin daidaita yanayin rai, ciwon baya ya kama shi, mai kemis ya ba shi diklofenak na ciwon jiki, ga zafin da ake fama da shi, ga gudawa. Duk wanda ya san litiyam ya san inda za a kwana: ƙoda ta kasa fitar da shi, ya taru a jini, sai karkarwa mai ƙarfi, amai, tangaɗi, harshe ya yi nauyi. Laifin na wanda ya sallame shi ne da tambaya ɗaya tak: "Ka gane ko?" Ya ce eh, aka rubuta an yi masa bayani.

To me zai ce? Mutum ya yi makonni a kwance, hankalinsa na gida, yana tsoron in ya ce bai gane ba a ce bai warke ba. Wallahi eh zai ce. Wannan eh ɗin ba ta nuna komai.

In ana son a san ya gane, a zube magungunan a gabansa, shi ya yi bayani. Ya ɗauki kowanne ya faɗi sunansa da aikinsa. "Farar nan ƙarama" ba suna ba ne, don wata mai zuwa za a kawo na wani kamfani da wani launi, ya zaci sabo ne ya haɗa biyun ya sha. Ya ware da hannunsa abin da zai sha bayan isha'i. A tambaye shi, in ka manta na safe me za ka yi? In ya ce zai ninka da dare, bai shirya tafiya ba. Mai shan kulozafin, wani maganin taɓin hankali, ya san in ya wuce awa 48 bai sha ba, ba zai koma kan adadinsa ba sai likita ya sake farawa da shi daga ƙasa. Mai litiyam ya faɗa da bakinsa cewa ana ɗibar jininsa don gwaji awa 12 bayan ƙwayar ƙarshe, kuma ba shi ba maganin ciwon jiki irin diklofenak. Epilim da Tegretol magungunan farfaɗiya ne da ake bayarwa don daidaita yanayin rai: mace mai shan Epilim ta san yana iya nakasa ɗan tayi, mai Tegretol ta san yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa.

Za ku ce layi ya yi tsawo. Minti 10 ne, a kan gadon da zai sake riƙewa makonni. Za ku ce bai yi boko ba. A zana rana da wata a jikin ledar, a ɗaura shan da asuba da isha'i, a rubuta da ajami in shi yake karantawa.

Sai masu cewa ai 'yan'uwa za su kula. Su wa ya gwada su? Uwar da ta ga wuyan ɗanta ya sanƙare, ido ya ƙafe sama, harshe ya zazzago bayan ya sha maganin taɓin hankali irin Haldol ko Largactil, cewa za ta yi aljanun sun dawo. A watsar da magani, a tafi ruƙiyya, alhali illar maganin ce kuma a asibiti ake warware ta. Ita ma a sa ta ta faɗi abin da za ta yi ranar da ta ga haka.

Kuma a sake gwajin a kowace dawowa. Ranar sallama kai bai gama washewa ba. Haɗarin yana nan lokacin da ya ji sauƙi ya ɗauka ya gama, ga shi maganin ciwon damuwa sai an ci gaba da shi aƙalla wata 6 bayan samun sauƙi.