Yadda Motata Ta Koyi Atishawa

Ƙanina ya ari motata, ya dawo da ita a wanke tas, tanki cike. Duk wanda ya san shi ya san akwai lauje cikin naɗi.

Da safe na ɗauki 'yata zuwa makaranta. Ina ɗaga ƙafa daga totur zan sa giya ta biyu sai na ji "fishhh!" daga gaban mota. Giya ta uku ma haka. Yarinya ta leƙo daga baya ta ce, "Sannu mota." A danja kuwa sai ta yi tari, ta tofar da baƙin hayaƙi, ta mutu murus. Masu hon a bayana suka yi ta yi, har da wanda ya sauke gilashi ya ba ni shawarar in koma keke.

Bakanike na buɗe bonet ya kwashe da dariya, ya nuna wani ƙarfe mai sheƙi. "Oga, wa ya sa maka wannan?"

Ga abin da ya faru. Hayaƙin salansa ke juya turbo, wani ƙaramin famfon iska mai fukafukai, fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, shi kuma yana cusa wa inji iska da ƙarfi. Da ka saki totur ƙofar shigar iska cikin inji ta rufe, iskar da aka matso ta rasa wurin zuwa. Shi ya sa ake sa bawul ya rage matsin. Na kamfani yana mayar da iskar cikin tiyo, kafin bakin turbo, ba hayaniya. Wanda ƙanina ya ɗaura kuwa waje yake watsar da ita, don samari su waiwayo.

Matsalar ita ce motata tana da na'urar da ke auna iskar tun a bakin shiga. Kwamfutar mota ta riga ta ƙirga ta, ta zuba mai daidai da ita, ba ta san an sallame ta ta taga ba. Kamar mai biyan albashi ga ma'aikatan da suka gudu tun safe. Mai ya yi yawa, fulogi suka yi baƙi ƙirin, inji ya shaƙe. Ashe cikon tankin nan kuɗin diyya ne.

Na kira gwanin. Ko a jikinsa.

"Yaya, sifirin ɗin bawul ɗin ne ya yi laushi. Ko ma a cire bawul ɗin gaba ɗaya, ka ji yadda take 'tu-tu-tu'. Wallahi ta fi daɗi."

Bakanike ya karɓi wayar. "Ƙanena, wannan 'tu-tu-tu' iska ce ke komawa tana dukan fukafukan turbo. Yayanka zai biya, ba kai ba. Ina tsohon bawul ɗin?"

Aka yi shiru. Can ya ce ya ba abokinsa, amma in Yaya zai ba shi aron motar zai je ya karɓo.