Kuɗin kwastan na Najeriya ba ya wanke mota a Kamaru

Mutane da yawa a Garwa da Marwa sun ɗauka motar da aka biya wa kwastan a Najeriya ta gama da duwan, wato kwastan, a ko'ina. Ana ganin dalilinsu, tunda takardun na gaskiya ne. Sai dai Najeriya tana cikin ECOWAS, Kamaru da Chadi kuwa suna cikin CEMAC, ƙungiyar tattalin arziƙin ƙasashen tsakiyar Afirka, kowanne da harajinsa.

Idan ka sayo mota a Yola, takardar shiga ta wucin gadi da za a ba ka a iyaka ta ziyara ce, tana da wa'adi, ba ta halatta sayarwa. In motar za ta zauna, sai an biya duwan na Kamaru kafin a sami kat giris, wato takardar rajistar mota, da lamba. In wa'adi ya wuce, ana iya kama motar, ga tara.

Inshorar ma daban: katin ECOWAS mai ruwan ƙasa ba ya aiki a Kamaru, sai na CEMAC mai ruwan hoda.