Ba Bature ne ya koya wa Ladi Kwali ginin tukwane ba

Ran kasuwar garinmu, nan wajen Ringim, wani malamin firamare ya ɗaga naira 20 a rumfar masu randa yana cewa ai matar da ke bayan kuɗin, wato Ladi Kwali, Bature ne ya koya mata sana'ar. Na sha jin wannan, kuma yana damuna. Masu faɗin haka ba daga sama suka tsinto maganar ba, don Ladi Kwali ta yi aiki da Michael Cardew, wani Bature maginin tukwane ɗan Ingila, a cibiyar koyon ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yau, daga 1954.

Sai dai da iyawarta ta je. Tun tana yarinya a garin Kwali ta koya a hannun wata 'yar'uwar iyayenta, kuma a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau Cardew ya fara ganin tukwanenta. Abin da ta ƙaru da shi a cibiyar shi ne faifai mai juyawa, da ruwan ƙyalli, da gashi a tanderu mai tsananin wuta.

Dubi maginiyar ƙauyenmu: tana murza yumɓu kamar igiya, tana ɗorawa tana shafewa da jiƙaƙƙen tsumma har randa ta tashi. Da hannu haka Ladi ta ci gaba da gina manyan tulunanta, har a Ingila da Amurka inda ta je nuna wa ɗalibai.