Hayaƙin murhu itace ne da bai ƙone ba

Ɗaliban kemistiri na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kusan kowa burinsa kamfanin mai. Ni kuwa ina ganin fagen da Sakkwato ta fi buƙatar masani shi ne ilimin ƙonewar makamashi, kuma aikin yana nan cikin madafan gidajenmu.

Idan itace ya yi zafi, gas yake fitarwa, gas ɗin ne ke ci da wuta. In ya sami isasshiyar iska da zafi da ɗan lokacin gaurayuwa, sai ya ƙone tas. In ɗaya ya gaza, sai hayaƙi da baƙin tukunya da kabon monoksaid. Kabon monoksaid iska ce mai guba, ba ta da wari ko launi, kuma tana kama jini fiye da oksijin sau sama da 200. Shi ya sa kwana da kurfotin gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu ke kashe mutane, haka ma janareta a zaure. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020.

Murhun duwatsu uku da ƙyar yake kai kashi 15 cikin 100 na zafin itace ga tukunya. Gyaran ba tsafi ba ne. Ɗanyen itace na iya zama rabinsa ruwa, sai a faskara shi a shanya har danshinsa ya sauka ƙasa da kashi 20. A ɗora itacen kan raga don iska ta shiga ta ƙasa. A gina mazaunin wutar da yumɓu mai haɗe da buntun shinkafa, domin buntun yana ƙonewa ya bar ƙananan ramuka masu riƙe zafi. Sannan a kewaye tukunya da fallen kwano, a bar tazarar kusan santimita 1. Nan mafi yawan masu ƙira ke kuskure: tazara ta yi faɗi, zafi ya tsere, ta matse, wuta ta shaƙe, hayaƙi ya dawo ta bakin murhu. Murhun gas ma haka ne, harshen wuta ruwan ɗorawa alama ce ta toshewar ƙofar iska.

Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda Farfesa Abubakar Sani Sambo ya taɓa shugabanta kafin ya riƙe Hukumar Makamashi ta Ƙasa, ta daɗe tana aiki kan ingantaccen murhu da gas na kashin shanu. Inda nake da ƙorafi shi ne yadda ake auna nasara a wannan fage. Gwajin tafasa ruwa a ɗakin bincike ba ya nuna ko murhu zai jure tuƙin tuwon gidan mutum 15. In tukunya na rawa ƙarƙashin muciya, uwargida za ta koma kan duwatsunta, kuma tana da gaskiya. Mai bincike ya zauna da maƙera da masu walda, ya ba su awo a rubuce, ya koma gidajen bayan wata 6 ya auna itacen da ake ci a rana.