Ana auna ruwan Kwara, amma wa ke gaya wa mai fadama?

Duk damina sai na ji ana cewa ambaliya ta zo ba zato ba tsammani. A manyan kogunanmu dai ban yarda da wannan magana ba. Ruwan da zai ci gonar shinkafa a Kabi sai ya yi kwanaki yana tafiya, ya bi ta Yamai, ya ratsa Gaya ta Nijar, kuma akwai masu auna shi a hanya. Hukumar Kogin Neja, wato Kwara, wadda ta haɗa ƙasashe 9, tana Yamai. Cibiyar AGRHYMET ma tana can tun 1974, tana hasashen damina. A Najeriya kuwa, NIHSA, hukumar da ke auna ruwan koguna, kan fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, har da sunayen ƙananan hukumomin da abin zai shafa.

Ma'aikatan nan suna aikinsu, a ba su haƙƙinsu. A Yamai, idan ruwa ya kai santimita 620 a ma'auni, an shiga matakin ja, wato na babban haɗari. A Satumban 2020 sai da ya kai 700, ana kallonsa yana hawa kullum, amma duk da haka ya shiga gidajen mutane a unguwannin Saga da Lamorde. A 2022 ma an yi gargaɗi, Kamaru ta saki ruwan madatsar Lagdo, kogin Binuwai ya tumbatsa, aka rasa sama da mutum 600 a Najeriya.

To ina gizo ke saƙar? Gargaɗin yana fitowa ne da Turanci ko Faransanci, a karanta shi a taron manema labarai, ya tsaya nan. Ka dubi manomin da ya ci bashin taki, shinkafarsa ta yi ciki, saura makonni uku girbi. A ce masa "ku koma tudu". Wane tudun? Wa zai kwashe masa rumbu da awaki? Makarantar da za a ajiye iyalinsa ko banɗaki babu. Wallahi ba taurin kai ne ke zaunar da shi ba, rashin wurin zuwa ne.

Sannan akwai inda idon wannan haɗin gwiwa na ƙasashe ba ya kaiwa: madatsar Alau da ta fashe kan Maiduguri a 2024 ta cikin gida ce, kula take buƙata.

Ni dai ina so ranar da ma'aunin Yamai ya yi ja, kafin magariba hakimi da sarkin ruwa da liman a Yawuri su ji da Hausa, kuma a gaya musu inda kwalekwale da mota za su jira mutane.