Mai jita da ya ɗauki kwamfuta bai ci amanar kowa ba

Jiya muka yi ta musu da wani abokina har shayinmu ya huce. Shi a ganinsa, duk mawaƙin rock da ya jingine jita ya koma haɗa sauti da kwamfuta, lalaci ne ya kama shi. Wai na'ura ke yin aikin, shi danna maɓalli kawai yake yi. Wallahi maganar ta tsaya mini a rai.

Na kawo masa labarin Ben Gibbard, jagoran ƙungiyar Death Cab for Cutie a Amurka. Yana zaune a Seattle, shi kuma Jimmy Tamborello, gwanin kiɗan lantarki, yana Los Angeles. Tamborello ya haɗa kiɗa, ya ɗora a faifan CD, ya aika ta gidan waya. Gibbard ya buɗe ambulan, ya saurara, ya datse nan ya ƙara can, ya ɗora murya da jita, sannan ya mayar. Daga wannan kai-komo su biyun suka samo sunan haɗin gwiwarsu, The Postal Service, wato gidan waya, har hukumar gidan waya ta Amurka ta aiko musu da takardar gargaɗi kan sunan, daga baya aka sasanta. Ina lalaci a nan, don Allah? Mutum ya jira saƙo kwana da kwanaki saboda waƙa ɗaya!

Kundinsu, Give Up, ya fito a 2003 ƙarƙashin kamfanin Sub Pop, kuma zuwa 2012 an sayar da kwafi miliyan ɗaya. Abin da ya fi taɓa ni shi ne muryar Gibbard a ciki. Da babu rugugin ganguna da jita a bayansa, sai ka ji shi kusa, kamar yana yi maka raɗa cikin dare. Ƙungiya tana da salon da aka san ta da shi, mutum huɗu kowa da ra'ayinsa, dole ka haɗiye wasu abubuwan. Aikin gefe ne ke ba mawaƙi damar furzar da su. Thom Yorke, mawaƙin ƙungiyar Radiohead, ma haka ya yi a 2006.

Abokina ya ce ai raba hankali ne, ƙungiya ce ke cutuwa. To, a wannan shekarar ta 2003 Death Cab suka fitar da kundinsu Transatlanticism, wanda masoyansu da yawa ke sa shi a sahun gaba. A 2023 kuwa Gibbard ya yi rangadi yana rera Give Up da Transatlanticism gaba ɗaya a dare guda, a dandamali guda, mutanen da suka zo don jita suka tsaya har aka kunna na'ura.